Bayan an ce kwana ya ƙare, wa ke buɗe fayil?

Matar da ta rasu wajen haihuwa da asuba a ƙasar Haɗeja, kafin azahar an kai ta makwancinta. Haka addini ya koyar, haka kuma ya dace. Ba a buɗe gawa a duba. Dangi ba sa nema, ma'aikatan asibiti ma ba sa kawo maganar. Za a yi zaman makoki, a yi addu'a, a ce kwana ya ƙare. Abin da ya rage a duniya da zai iya ba da labarin sa'o'inta na ƙarshe shi ne 'yan takardun da aka rubuta a gefen gadonta: ƙarfe nawa ta iso, me awon jininta ya nuna, yaushe aka kira likita, yaushe ya zo, an nemi jinin ƙari ko ba a nema ba, an samu ko ba a samu ba. Fayil ɗin nan shi kaɗai ne shaida. Abin tambaya shi ne ko akwai wanda aikinsa ne ya buɗe shi, da kuma abin da ke biyo baya idan ya buɗe.

Maganar ba ƙarama ba ce. Wani bincike da aka buga a 2017, wanda aka gudanar a ƙananan hukumomi 24 daga cikin 27 na Jigawa ta hanyar tambayar mata labarin 'yan'uwansu mata, ya ƙiyasta cewa uwaye 1,012 ke rasuwa a cikin kowace haihuwa 100,000. Wato kusan mace ɗaya a haihuwa ɗari. Macen da za ta haihu sau bakwai ko takwas kuwa, sau bakwai ko takwas za ta tsallaka wannan kogi.

Amsar da siyasarmu ta saba bayarwa ita ce gini. A gina sabon asibiti, a shafa fenti, a sayo gadaje, a gayyaci manya a yanka kirtani. Ba na raina gini. Wanda ya taɓa ganin mai naƙuda a kwance a baranda ba zai raina shi ba. Amma tun 1966 wani likita masani a Jami'ar Mishigan ta Amurka, Avedis Donabedian, ya raba ingancin jinya gida uku: kayan aikin da ake da su, yadda ake aikin da su, da kuma abin da ya sami majiyyaci a ƙarshe. Mu mun maƙale a gida na farko, saboda shi ne ake iya ɗauka a hoto. Gida na biyu da na uku ba sa ganuwa sai an ƙirga, an rubuta, an zauna an duba. Wannan zama, da ikon da ke bayansa, shi ne abin da masana suke nufi idan suna maganar jagorancin ingancin jinya. Ni na fi so in kira shi hisabin asibiti: asibiti ya yi wa kansa hisabi kafin a yi masa.

Sunan ya samo asali ne daga abin kunya. A wani babban asibiti na birnin Biristol a Ingila, an yi shekaru ana yi wa jarirai tiyatar zuciya suna mutuwa fiye da yadda ake gani a sauran asibitoci. Likitocin ƙwararru ne, ba wanda ya yi nufin sharri. Wani likita mai sa majiyyata barci a ɗakin tiyata, Stephen Bolsin, shi ya fara tattara alƙaluma da kansa, ya kai ƙara sama, aka ƙi saurarensa, har ƙarshe ya bar ƙasar ya koma Ostareliya. Kwamitin binciken da ya fitar da rahotonsa a 2001 ya gano cewa tsakanin 1991 da 1995 jarirai 30 zuwa 35 sun mutu, waɗanda da a wani asibitin aka yi musu aikin, ana sa ran za su rayu. Darasin da Ingila ta ɗauka shi ne cewa shugaban asibiti a lokacin yana da wanda zai tuhume shi a kan kuɗi, amma ba shi da wanda zai tuhume shi a kan rayuka. A 1999 aka yi dokar da ta ɗora wa hukumomin asibitoci nauyin inganci, kamar yadda nauyin kasafi yake a wuyansu.

Na san abin da wani zai ce: wannan tunanin Turawa ne, mu masu imani da ƙaddara ne. Wanda ya faɗi haka bai yi wa tarihinmu adalci ba. A shekara ta 319 bayan Hijira, wato 931, labari ya kai ga Halifa Muƙtadir a Bagadaza cewa wani majiyyaci ya mutu saboda kuskuren likita. Halifa bai ce kwana ya ƙare ya tashi ba. Ya ba da umarni a dakatar da masu aikin likitanci har sai babban likitansa, Sinanu ɗan Sabitu, ya jarraba su, aka jarraba mutum sama da 800. A fiƙihunmu na Malikiyya ma akwai babin lamunin likita. Ibnu Rushdi ya kawo a Bidayatul Mujtahid cewa likitan da ya san aikinsa amma ya yi kuskure, akwai diyya, sai dai mafi yawan malamai sun ɗora ta a kan danginsa na aƙila; wanda ya kutsa cikin aikin ba da sani ba kuwa hukuncinsa daban ne. A duba hikimar da ke ciki. An tabbatar cewa kuskure ya faru, an biya haƙƙin wanda aka cuta, amma ba a murƙushe ƙwararren da ya yi kuskuren shi kaɗai ba. An raba nauyin a kan jama'ar da ke bayansa. Imani da ajali bai taɓa hana malamanmu tambayar sababi ba.

Hujjar da ta fi kusa da mu tana Kano. Jijjigar masu ciki, wadda hawan jini ke haddasawa, tana cikin manyan masu kashe uwaye a Arewa. Tun 1995 babban gwaji na ƙasa da ƙasa ya tabbatar cewa allurar magnesiyam salfet ta fi dayazefam da aka saba amfani da ita. Magani ne mai arha, amma ya yi shekara goma sha wani abu bai zama ruwan dare a asibitocinmu ba. A 2008 aka shigar da shi asibitoci goma na Jihar Kano, tare da horar da likitoci da ungozomomi, da rubutacciyar ƙa'ida mai sauƙi, da rubuta sakamakon kowace mace. Rahoton da Dakta Jamilu Tukur da abokan aikinsa suka buga ya nuna cewa mace-macen masu jijjiga sun sauko daga kashi 20.9 cikin ɗari zuwa kashi 2.3. A daidai wannan lokaci, wani aiki da ƙungiyar Rotary ta tallafa a asibitocin karkara goma na Kano da Kaduna ya dogara ne a kan tattara alƙaluman haihuwa da zama a kwatanta su. Matsakaicin mace-macen uwaye ya sauko daga 1,790 cikin 100,000 a farkon rabin 2008 zuwa 940 a ƙarshen rabin 2009.

Sai kuma na baya-bayan nan, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororinsa, aka buga sakamakonsa a 2023. An gudanar da shi a asibitoci 80 a Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata sama da 200,000. Matsalar da suka tunkara ita ce ido yana yaudara: ungozoma ta kalli zani da ƙasa ta ƙiyasta jinin da ya zuba, sau da yawa kuma ƙiyasin ya gaza gaskiya. Sai aka riƙa shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai aljihu da zanen ma'auni. Da jini ya kai layin, ba a jira a gwada magani ɗaya a ga ko zai yi. Ana murza mahaifa, a ba da allurar oksitosin, a ba da allurar da ke hana gudan jini narkewa, a sa ruwa, a duba inda jinin ke fitowa, duk a lokaci guda. Zubar jini mai tsanani da abin da ke biyo bayanta ya ragu da kashi 60 cikin ɗari. Abin da ba a cika ambata ba shi ne kowane asibiti yana samun alƙalumansa a kai a kai, yana ganin inda ya yi sake. Ledar ba ta aiki ita kaɗai.

Duk waɗannan an yi su ne a asibitoci irin namu, da ma'aikata irin namu, da wutar lantarki irin tamu.

Jigawa ma tana da nata tarihin. A 2007 jihar ta kafa tsarin Gunduma, da tallafin shirin PATHS na gwamnatin Birtaniya. An raba jihar gundumomin lafiya tara, Haɗeja na ɗaya daga cikinsu, aka haɗa ƙananan asibitocin ƙauye da babban asibitin da suke tura wa majiyyata a ƙarƙashin hukuma guda. Masu nazarin harkar lafiya daga wasu jihohi sun riƙa zuwa koyo. Bayan sauyin gwamnati na 2015 aka sake fasali: ƙananan asibitoci suka koma ƙarƙashin hukumar lafiya a matakin farko, kamar yadda manufar tarayya ta tanada, manyan asibitoci kuma suna ƙarƙashin ma'aikata. Akwai dalilan yin hakan, kuma Gunduma ba ta rasa nata aibin ba. Amma akwai tambaya ɗaya da tsohon tsarin yake da amsarta a takarda: idan mace ta faɗa ramin da ke tsakanin ƙaramin asibiti da babba, wa za a tambaya?

Mu ɗauki misali, ba na wata mace takamaimai ba, na irin labarin da duk ma'aikacin ɗakin haihuwa zai gane. Mace a wani ƙauye na Guri ko Kiri Kasamma ta haihu a gida da tsakar dare, mabiyiya ta fita, jini bai tsaya ba. An yi jiƙo, an jira gari ya waye, an nemi izini, an nemi mota. A ƙaramin asibiti an yi mata allurar oksitosin, jini bai tsaya ba, aka ce a wuce da ita gaba, ba takarda, ba waya. Ta isa babban asibiti jikinta ya yi sanyi. Aka ce a kawo masu ba da jini. Mijin ya bazama cikin gari. Kafin a gama gwaji ta cika. A rajista za a rubuta kalma biyu: zubar jini. Gaskiya ne, amma ba ya koya wa kowa komai.

Zaman bita na gaskiya zai bi sawun labarin baya-baya. Allurar da aka yi mata a ƙauye, a ina aka ajiye ta? Oksitosin yana son sanyin firji, zafin Haɗeja a watan Afrilu da Mayu kuwa yana haura digiri 40, kuma wani binciken ingancin magunguna da aka buga a 2018 ya sami kusan uku cikin huɗu na samfuran oksitosin da aka gwada a Najeriya ba su kai ƙarfin da aka rubuta a jikinsu ba. Mai yiwuwa ma'aikaciyar ta yi komai daidai, ruwa ta tsira mata ba ta sani ba. Me ya sa ba a kira babban asibiti kafin motar ta tashi? Me ya sa babu ko leda biyu ta jini a ajiye don irin wannan dare? Firjin ma'ajiyar jini ne ya lalace, ko man janareta ne ya ƙare, ko ka'ida ce sai dangi sun mayar kafin a bayar? Kowace tambaya tana ƙarewa ne a kan wani abu da za a iya gyarawa, da sunan wanda zai gyara, da ranar da za a dawo a duba. Rabin amsoshin kuma ba a babban asibiti suke ba. Shi ya sa bitar da ba ta haɗa ma'aikatan asibitin da ya turo majiyyaciyar ba, rabin bita ce.

A takarda muna da duk wannan. Tun 2015 Najeriya take da ƙa'idojin ƙasa na sa ido da bitar mutuwar uwaye da jarirai: a sanar cikin sa'a 24 idan a asibiti ne, kwamiti ya zauna, ba a ambaton suna, ba a ɗora laifi, a ɗauki mataki. Ingila tana yin irin wannan bincike na sirri tun 1952, Afirka ta Kudu tun ƙarshen shekarun 1990, Jihar Ondo ta yi masa doka a 2010. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ma ta ce kowane asibiti sai ya mallaki takardar shaidar cika ƙa'ida. Ƙa'ida ba ita muka rasa ba. Abin da ke kashe irin wannan tsari a ƙasar nan sananne ne, kuma kashi uku ne.

Na farko tsoro. Ungozomar da ta san cewa abin da ta rubuta zai iya jawo mata takardar tuhuma, ko canjin wurin aiki, ko fushin dangi a bakin ƙofa, za ta koyi rubuta abin da zai kare ta. Duk inda aka mayar da zaman bita kotu, fayil zai fara ƙarya, shaida ɗaya tilo da muke da ita ta lalace. Mafi muni, ƙananan asibitoci za su koyi tura mai mutuwa gaba da sauri don kada ta cika a hannunsu. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, amma sai ma'aikaci ya ga haka a aikace kafin ya yarda. Wannan ba yana nufin a yafe sakaci ba. Likitan da ya bar aikin dare ya tafi asibitinsa na kuɗi, akwai majalisar likitoci da ke da kotun ladabtarwa, akwai ta ma'aikatan jinya da ungozomomi, akwai dokar aikin gwamnati. Hanya ce daban, kuma dole a raba ta da zaman koyo, kamar yadda malaman fiƙihu suka raba kuskuren masani da gangancin mai kutse.

Haka nan alƙaluma suna iya zaluntar mai ƙoƙari. Haɗeja cibiya ce ta masarauta mai ƙananan hukumomi takwas: Haɗeja, Auyo, Birniwa, Guri, Kafin Hausa, Kaugama, Kiri Kasamma da Malam Madori. Asibitin da ake kawo wa duk wadda ta gagara dole mace-macensa su fi na wanda ke turawa. Ɗan siyasa ko ɗan jarida (mu ma muna da namu laifin a nan) da zai jera asibitoci bisa yawan gawa ya ce wannan ya fi wancan, ya hukunta wanda bai kori kowa ba ke nan. Abin da ya kamata a auna shi ne minti nawa tsakanin isowa da ganin likita, tsakanin yanke shawarar tiyata da fara ta, tsakanin neman jini da ɗaura shi.

Na biyu, zaman da ba shi da haƙori. Idan kwamiti ya rubuta "babu jini a ajiye" wata shida a jere, kuma babu wanda ke iya sa hannu a fitar da kuɗi a cikin ɗakin, wata na bakwai ba wanda zai zo. Likitan da ya ga majiyyata ɗari tun safe ba zai ba da sa'a biyu don cike fom ɗin da zai tafi Dutse ya kwanta ba, kuma yana da gaskiya. Ƙarancin ma'aikata hujja ce ta a taƙaita zaman, a zaɓi gyara ɗaya ko biyu a wata. Bai zama hujjar barinsa ba, domin inda hannu ya yi kaɗan nan ne aka fi bukatar sanin inda za a sa shi.

Na uku shi ne wanda ba a so a faɗa. Yawancin irin waɗannan tsare-tsare da kuɗin masu tallafi suka shigo, da kuɗin zama da lemo da taro a otal. Ranar da shirin ya naɗe tabarmarsa, zaman ya bi shi. Jigawa ta ga shirye-shiryen Birtaniya sun zo sun wuce ɗaya bayan ɗaya, ƙungiyar likitoci ta MSF kuma tana riƙe da sashen haihuwa da na yoyon fitsari a Jahun tun 2008. Alheri ne, amma jihar da ta haura shekara talatin da kafuwa bai kamata hisabin rayukan matanta ya dogara da kasafin wata ƙasa ba. Layi ɗaya a kasafin jiha, da dokar da za ta tilasta gabatar da rahoton shekara a gaban majalisar dokoki, ba suna ba asibiti, sai sababi da matakin da aka ɗauka, sun fi taron ƙara wa juna sani goma.

Akwai kuma gibin da asibiti ba zai iya cikewa ba. Mafi yawan matan Jigawa a gida suke haihuwa, saboda haka da yawa daga masu rasuwa ba su da fayil ko kaɗan. Amma ba a ɓoye suke ba. Matan da suka yi wa gawa wanka sun san ko da ciki ta rasu ko cikin jego. Limamin da ya yi mata salla ya sani, mai unguwa ya sani. Babu wata ma'aikata da take da idanu a kowane lungu kamar masarauta, kuma an ga amfanin hakan a yaƙin shan inna, lokacin da hakimai da dagatai suka shiga aikin rigakafi. Saƙon waya ɗaya daga mai unguwa zuwa jami'in lafiya na ƙaramar hukuma, sannan bayan kwana bakwai wata ma'aikaciya ta je ta yi gaisuwa ta saurari labarin daga bakin uwa ko kishiya, ya isa ya buɗe fayil ga wadda ba ta da shi. Wannan ɗabi'a ta rubuta wane ne, daga ina, me ya faru, ita ce kuma ake bukata a kan ciwon ƙodar da ya addabi kwarin Haɗeja. Injin wankin ƙoda yana tsawaita rai, rajista mai kyau ce za ta nuna ƙauyuka da sana'o'in da cutar ta fi bi.

Ƙasar Haɗeja tana da wani abu da ba kowane yanki ke da shi ba: ta san lokacin da hanyoyinta za su yanke. Ruwan da ke gangarowa daga madatsun Tiga da Challawa, da kacallar da ta toshe hanyoyin ruwa a fadama, sun sa ambaliya ta zama baƙuwar da ake sa rai a Agusta da Satumba. An gani a 2020, an sake gani da ƙarfi a 2022. Ciki kuwa wata tara ne, ana iya lissafa shi. Duk ƙaramin asibitin da ke awon ciki a Auyo ko Guri yana da littafin da zai nuna matan da watansu zai kama cikin waɗannan makonni, da waɗanda jininsu ya hau, da waɗanda aka taɓa yi wa tiyata. Idan aka ware mace-macen shekarun baya wata-wata, ƙauye-ƙauye, za a ga inda ya kamata a ajiye kwalekwale da lambar mai tuƙa shi, wa za a roƙa ta dawo kusa da asibiti kafin ruwa ya zo, leda nawa ta jini za a tanada, kuma wane firji ne sai an sa masa sola. Watan Yuni ne lokacin wannan zama, shugaban babban asibiti da jami'an lafiya na ƙananan hukumomi takwas da wakilin masarauta a tebur ɗaya, da fayilolin bara a gabansu, tun Tiga ba ta cika ba.